Masu neman gurbin digiri na uku, a gyara yadda ake rubuta furofosal

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da ƙannena masu neman gurbin digiri na uku, musamman masu nema a ƙasashen waje. Ni malamin jami'a ne a fannin noma, kusan duk wata sai wani ya turo min furofosal ɗinsa ta WhatsApp ya ce Malam a taimaka a duba min, kuma wallahi abin da nake gani yana damuna, saboda yaran nan suna da ƙoƙari, sakamakonsu mai kyau ne, amma takardar da ya kamata ta nuna me suke son bincikawa ita ce take kayar da su.

Sai ka ga mutum ya cika shafi guda da labarin yadda ya taso yana bin babansa gona, sannan ya ce burinsa ya kawo ƙarshen yunwa a Afirka. Niyya ce mai kyau, Allah ya cika masa, amma farfesan da zai karanta tambaya ɗaya yake nema wadda za a iya amsawa cikin shekara 3 ko 4. Misali ƙuduji da ke cinye mana dawa da gero, maimakon ka ce kana sha'awar cututtukan amfanin gona, ka ce kana so ka gano ko juya gero da waken soya yana rage ƙuduji a ƙasa mai yashi irin ta Jigawa, za ka gwada a damina nawa, me za ka ƙirga, ga abin da cibiyoyin binciken noma na IAR Samaru da IITA suka riga suka yi a kai, ga inda aikinsu ya tsaya, kai daga nan za ka ɗora. Duk wanda ya karanta wannan ya san ka zauna ka yi karatu.

Sannan kowace ƙasa da tsarinta. A Ingila furofosal ɗin ne kan gaba, sikolashif ɗin Commonwealth ma sai da wasiƙar goyon baya daga malamin da zai duba aikinka a can. A Amurka kuwa sai ka yi kwasa-kwasai tukuna, karatun yakan kai shekara 5 ko fiye, don haka sun fi son ka nuna fannin da ka dosa da malaman sashen da aikinsu ya dace da naka. Amma yaranmu takarda ɗaya suke turawa ko'ina, imel ɗaya ga farfesa hamsin ba tare da sun karanta ko muƙala ɗaya ta mutumin ba, wasu kuma ChatGPT ne ya rubuta musu, ranar intabiyu a tambaye su dalilin zaɓen hanyar binciken sai su yi shiru.

Tunda TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati a Najeriya, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025 gasar sauran guraben ta ƙara zafi. Ina roƙon makarantun karatun gaba da digiri na jami'o'inmu da su riƙa zama da ɗaliban mastas kafin su gama, a koya musu rubuta furofosal, mu malamai kuma mu ware lokaci mu karanta musu da gaske kafin su tura.

Na gode.

Naku,
Wani malamin jami'a, daga Kano