Wasiƙa daga Samarkand, ƙasar Uzbekistan

Assalamu alaikum Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya, sai dai sanyi ya fara shigowa.

Kun tambaye ni halin mutanen nan. Baba, Uzbekawa ba sa wasa da magana. Mutum ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya ɗora hannun dama a ƙirji ya yi sallama, ya tambayi lafiya da aiki da yara. Wanda ya girme ka "siz" za ka ce masa, kamar yadda nake ce muku "ku". "Sen" ta yara ce da abokai. Direban tasi "aka" ne, wato yaya. Matar da ke sayar mini da burodi a kasuwar Siyob kuwa "hola" nake kiranta, wato inna. In ka wuce mai aiki sai ka ce "hormang", kada ka gaji. Sannu da aikinsu ke nan.

Tayi ne ya fi ɗaukar hankalina. Akwai wani dattijo maƙwabcina, kullum na wuce sai ya ce in shigo in sha shayi. Irin wannan tayin sau da yawa gaisuwa ce, ka yi godiya ka wuce, ba wanda zai ji haushi. Amma in ya maimaita har sau uku yana riƙe da hannunka, to gayyata ce ta gaske, ƙinta kuma raini ne. In an zauna, mai gida ba ya gajiya da cewa "oling, oling", ɗauki, ɗauki. Baƙo ba ya cewa a'a tsagwaronta, sai dai "rahmat", wato na gode, hannu a ƙirji. Shi kansa shayin magana ce: a zuba a mayar buta sau uku, sannan a ba ka kaɗan a kofi don a yi ta ƙara maka. In aka cika maka fal, alama ce ta ka sha ka tashi.

Kuma ba a tashi daga abinci sai babba ya ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa. Ranar da zan ziyarci kabarin Imamu Buhari a Hartang, nan kusa da gari, dattijon nan bai bar ni na fita ba sai da ya zaunar da ni ya yi mini addu'a, ya ce "farar hanya", wato a sauka lafiya. Wallahi sai da idona ya ciko, don ku na tuna.

Jarrabawa ta matso, ku sa ni a addu'a. A gaishe mini da Inna da Kaka, a ce wa ƙannena su dage da karatu.

Ɗanku