A gyara wa tsofaffi ɗakunansu kafin ruwa ya sauka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin dagatai, masu unguwanni da limamai a kan tsofaffin da ke rasa makwanci a ƙauyukanmu. Ana cewa a karkara ba a kwana a titi, kuma haka ne. Amma a leƙa zauren masallaci, ko rumfar kasuwa ranar da ba ta ci, ko ɗakin girkin maƙwabta, za a tarar da wanda ya yi noma ya aurar da 'ya'ya a garin, yau tabarmar da yake kai ce kaɗai tasa.

Yawanci daga ɗaki abin yake farawa. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, in an daɗe bayan shekara biyu. Tsoho ba ya iya hawa soro, samarin gidan kuwa sun tafi cirani. Sai indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, ya bi tsaga ya jiƙa azara, alhali gara ta riga ta cinye bakinta inda ta shiga bango. Ta ƙasa kuma feshin ruwa yana zaizaye gindin katanga. Da an yi ruwan kwana biyu a jere cikin Agusta, ɗaki ya zauna. A ambaliyar 2022 an ga haka a ƙasashen Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja da Ringim: masu ƙarfi sun sake gini da rani, gajiyayyu da yawa suka ci gaba da raɓe-raɓe.

Maganin nan aikin gayya ne, kuma lokacinsa bazara. Mai unguwa da liman su zaga gida-gida cikin Maris, su rubuta duk tsohon da ba shi da mai hawa masa soro. A ƙwanƙwasa kowace azara, wadda ta yi ƙarar rami a sauya ta. A buɗe indararo, a ƙara masa tsawo don ruwa ya faɗa nesa da bango. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa na 'yan kwanaki kafin yaɓe, domin ɗanyen kwaɓi tsagewa yake yi. A cike gindin bango, a fitar wa ruwan tsakar gida hanya. Inda rufin ya gama lalacewa, bandir ɗaya na kwano, falle 20, yana rufe ɗaki mai ƙafa 10 da 12. Sai dai a ɗaure katakon da waya a jikin gini, in ba haka ba iskar farkon damina za ta yaye shi gaba ɗaya.

Ɗaya hanyar rasa makwancin ta fi ciwo, ita ce ta rabon gado. Mace ta gama takaba, wata 4 da kwana 10, magada su ce a sayar da gida. Rabonta tumuni ne in mamacin ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma da kishiyoyi za ta raba. A damƙa mata kuɗi, su ƙare a magani da cefane. In ba ta haihu ba, 'yan uwanta kuma sun rasu, ina za ta? Ranar da ruɗewar tsufa ta kama ta, ta fara surutai, wasu ma mayya za su ce da ita. Shawararmu ga masu rabo ita ce a yanka mata rabonta a ɗakin da take ciki, da hanyar fita da ta banɗaki. In rabon bai kai ba, a roƙi magada su bar mata zama iya rayuwarta, a rubuta, dagaci da shaidu su sa hannu. Alƙawarin baki na ranar sadakar uku ba ya kai wa shekara.

Batun ci bai kai yadda ake tsoro ba. Tsoho ɗaya tiyar hatsi tana kai shi kusan mako, wato buhu ɗaya da rabi ya fitar da shi shekara. Zakkar amfanin gona kuwa, ga wanda ya kai nisabi na sa'i 300, ɗaya bisa goma ce a noman damina, ɗaya bisa ashirin a na rani. Manomi guda mai buhu 30 na gero zakkarsa ta riƙe tsofaffi biyu. Matsalar, an fi miƙa wa wanda ya iya zuwa bakin gona, wanda ke kwance ba a ganinsa.

Mun san akwai gidan gajiyayyu a Shahuci cikin birnin Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a Abuja. Amma tsohuwar da ke bayan Miga ba za ta bar inda aka binne mijinta ta koma birni ba. Abin da muke roƙo shi ne kwamitocin zakka na masarautun Jigawa biyar, da Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, su karɓi sunayen daga hannun dagatai, su ware kason kwano da azara, su kai shi kafin ƙarshen Afrilu.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin sa-kai,
ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.