Amsa ga Alhaji a kan ciyar da ɗalibai a lokacin hutu

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar iyayen yara da malamai ta unguwarmu a nan Gombe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, amin.

A taron rufe zangon karatu na uku ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya. Ka ce tunda na yi shekaru ina hedimasta a ƙauye kafin in yi ritaya, in faɗa wa mutane gaskiya: shin ya dace a ci gaba da ba yara abincin makaranta kyauta a lokacin hutu, ko kuwa yin haka ɓarnar dukiyar gwamnati ne da kuma sauke wa iyaye nauyin da Allah ya ɗora musu? Ka ƙara da cewa idan an kulle aji, ba ka ga dalilin barin tukunya a kan murhu ba. A ranar hadari ya haɗu, mutane sun fara neman takalmansu, shi ya sa na ce a ba ni lokaci in amsa a rubuce. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ya kamata amsar ma kowa ya gan ta.

Ra'ayina shi ne a ci gaba da ciyarwa a dogon hutu kaɗai, wanda yake kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a bar hutun Disamba da na Afirilu. A Disamba an gama kaka, gero da dawa da masara sun shiga rumbu, wake ya yi araha, kuma ko gidan da ya fi kowa rashi yana samun zakka ko kyautar dami daga maƙwabta. Hutun Afirilu kuwa gajere ne, kuma yawancin gidaje suna da sauran abin da za su lallaɓa. Dogon hutu ne abin dubawa, domin yana faɗowa daidai tsakiyar marka.

Kai ɗan kasuwa ne, Alhaji, ka fi ni sanin yadda farashin mudu yake hawa a Tudun Hatsi daga Yuni zuwa Agusta. Abin da wataƙila ba ka gani da idonka ba shi ne yadda wannan hawan yake bayyana a cikin gidan manomi a yankin Dukku ko Nafada. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, wani ma an sayar da shi tun bazara don sayen taki da iri. Na bana yana gona, kore shar, ana kallonsa ba dama a taɓa. Maigida yakan bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo na awon dare, uwargida kuma ta shiga jeji neman tafasa da rama ta yi kwaɗo, a zuba ɗan ƙuli a kai idan an samu. Girki sau uku ya koma sau biyu, a wasu gidajen sau ɗaya, har zuwa ranar da za a fara gasa tumu. A wannan lokaci ne sauro yake yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara, kuma a lokacin ne ma'aikatan lafiya suke bi gida gida suna ba 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Hukumomin da suke bibiyar harkar abinci a yankin Sahel su ma watannin Yuni zuwa Agusta suke ƙidayawa a matsayin lokacin ƙarancin abinci. To, a tsakiyar waɗannan makonni ne tsarin karatunmu yake sallamar yaro, ya rufe ƙofar da ta kasance tana ba shi kwano ɗaya tabbatacce a kowace rana.

Bari in ba ka abin da na gani. A makarantar da na shugabanta, mai dafa abinci takan iso da kulolinta a kan baro wajen ƙarfe goma, yara su yi layi da robobinsu. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu da na lura ba ta cinye nata. Takan ci rabi, ta juye sauran a leda ta cusa cikin jakar buhu da take zuba littattafai. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce na ƙaninta ne. Ranar da za a yi hutu, sauran yara suna ta tsalle da ihu a fili, ita kuwa ta tsaya kusa da baron tana tambayar mai dafa abinci ko ranar Litinin ma za ta zo. Matar ta kasa amsa mata, ta juyo ta dube ni. Da aka dawo a Satumba, rigar makarantar da ta yi wa yarinyar daidai a Yuli ta koma tana reto a kafaɗarta, gashinta ya yi ja ya yi laushi, kuma sai da muka shafe kusan wata guda kafin ta daina gyangyaɗi a darasin farko. Duk malamin ƙauye da ya riƙe rajista ya san wannan: makonnin farko na zangon farko suna tafiya ne wajen maimaita abin da aka manta da kuma jiran jikin yara ya dawo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma asarar da yunwar Agusta ta jawo, makaranta ce take biyanta a Oktoba.

Maganarka ta cewa ciyar da yaro haƙƙin mahaifinsa ne, gaskiya ce, ban kuma yi jayayya da ita ba. Sai dai kwano ɗaya da rana bai ɗauke wa uba karin kumallo da tuwon dare da sutura da magani ba. Kuma shugabanni na ƙwarai sun taɓa shiga tsakanin yaro da yunwa ba tare da an ce sun ɓata tarbiyyar iyaye ba. Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi ya yanka wa yara kaso daga baitulmali, da farko ga waɗanda aka yaye, da ya fahimci iyaye mata suna gaggauta yaye don su samu kason sai ya mayar da shi tun daga haihuwa. A shekarar farin nan ta 18 bayan hijira kuwa, tukwane ya sa aka ɗora ana ciyar da jama'a. Uban da farashi ya fi ƙarfinsa a watan marka, bayan ya yini yana noma a gonar wani, ban ga adalci a kira shi mai gudun nauyi ba.

Wannan gardama ba mu muka fara ta ba. A Ingila, ƙasar da ta fi mu arziki nesa ba kusa ba, gwamnati ta so ta dakatar da takardun sayen abinci na ɗalibai marasa ƙarfi a hutun bazarar 2020, sai ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford, wanda shi kansa ya ci abincin makaranta yana yaro, ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Yuni. Gwamnatin Boris Johnson ta sauya shawara, aka ci gaba da ba da fam 15 a mako ga kowane yaro cikin yara kimanin miliyan 1.3. Amma misalin da ya fi kama da namu shi ne na Indiya, inda Kotun Ƙoli ta ba da umarni a 2004 cewa a yankunan da fari ya shafa a ci gaba da ba ɗalibai abincin rana ko da ana hutun bazara. Ka lura da hikimar: kotun ta duba wurin da yunwa take da lokacin da take zuwa, ta ɗaura umarninta a kan haka.

Na san abin da yake sa mutane irinka ɗari-ɗari, kuma ina tare da ku a cikinsa. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2016 a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari domin 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, ya taɓa gwada ciyarwa makarantu na rufe. A watan Mayun 2020, lokacin kullen korona, ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta raba ɗanyen abinci, shinkafa da wake da mai da ƙwai, ga gidaje a Abuja da Legas da Ogun, aka ce an kashe sama da naira miliyan 500. Surutun da ya biyo baya har yau bai gushe daga kunnen mutane ba, domin talaka ba shi da hanyar da zai tabbatar wa kansa wane gida ne ya karɓa, wane ne bai karɓa ba. Sannan a Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi saboda binciken kuɗi. Wanda ya ga wannan duka, in ya ji an ce a ciyar da yara lokacin da babu malami babu rajista, dole gabansa ya faɗi.

Darasin da na ɗauka daga abin da ya faru a 2020 shi ne kada a raba ɗanye. Buhun shinkafa yana iya ɓacewa tsakanin sito da ƙofar gida, yana iya komawa kasuwa, kuma ko ya isa gidan, mutum goma sha biyu ne za su ci shi cikin kwana uku, yaron da aka bayar dominsa ya tashi da loma biyu. Dafaffen abinci da aka zuba wa yaro a harabar makaranta, a gaban mai unguwa da wakilan iyaye mata da malami ɗaya mai rajista, kowa yana iya ƙirga kawuna. Ba a buƙatar buɗe dukan azuzuwa. Inuwar bishiya ko baranda ta wadatar. Malamai su yi karɓa-karɓa, mako ɗaya ɗaya, a ba su ɗan alawus, kuma ƙungiyar da kake shugabanta ce ta fi dacewa ta riƙe littafin ƙidayar, ta karanta shi a masallaci da coci kowane mako. Lokacin rabon ma sai a gyara shi. Yaran ƙauye suna gona da safe a damina, suna taya firi da maimai ko kiwon awaki, don haka a mayar da shi bayan azahar, lokacin da suka dawo. Idan aka samu malamin da zai zaunar da su minti talatin su karanta shafi ɗaya kafin a buɗe kula, to an yi riba biyu, amma ba zan sa wannan ya zama sharaɗi ba.

Sai batun kuɗi, wanda na san shi ne zai fara zuwa bakinka. Shekarar karatu zango uku ce, kowanne kimanin mako 13, wato kwanakin ciyarwa kusan 195. Mako shida na dogon hutu, kwana biyar biyar, kwana 30 ke nan, ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Matsalar gaskiya tana wajen farashi. Naira 70 aka fara warewa kowane yaro, daga baya aka ɗaga zuwa 100, kuma kai ma ka san abin da naira 100 take saya yau a bakin kasuwa. Mai dafa abincin da aka tura wa kuɗi a asusunta a watan Agusta, a lokacin da mudu ya fi tsada, dole ta rage ludayi. Maganin wannan yana hannun irinku masu sanin hatsi: a sayi wake da masara da gero a kaka daga manoman ƙaramar hukumar da makarantar take, a adana waken a buhun nan mai leda biyu a ciki da yake hana ƙwari ba tare da an zuba magani ba, a ajiye har damina. Jihar da take noma wake kamar Gombe, ga shinkafar Dadin Kowa a kusa, bai kamata ta sayi abincin ɗalibanta a watan da ya fi kowane tsada ba. Brazil ta kafa doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin abincin makaranta a kashe shi wajen ƙananan manoma, kuma ainihin manufar namu shirin ma ke nan, a ci abin da aka noma a gida.

Zan faɗi wata magana da na san wasu abokan aikina ba za su so ta ba. Idan har aka ce kuɗin ba zai isa shekara duka da hutu ba, ni na fi son a rage kwanaki daga Nuwamba da Disamba a mayar da su Agusta. Na yarda cewa abincin yana jawo yara aji, na ga rajista ta cika a makon da aka fara dafawa, na kuma ga waɗanda suke sulalewa da zarar sun side roba. Amma yaron da bai samu abincin makaranta ba a Nuwamba zai koma gida ya tarar da ɗumame da gyaɗa da dankali. Na Agusta kuwa sau da yawa murhu a kashe zai tarar.

Akwai abin da wannan tsari ba zai warware ba, kuma gara in ambace shi da kaina. Ranar da aka buɗe kula a lokacin hutu, ƙannen ɗalibai za su biyo su, almajirai za su zo da robobinsu, haka ma yaran da ba a taɓa sa su boko ba. Babu matar da za ta iya kallon idon ɗan shekara 4 ta ce masa sunansa ba ya cikin rajista. Shawarata ita ce abin da gwamnati ta bayar ya tsaya a kan masu rajista, domin lissafi ya fita, sannan unguwa ta ɗora tata tukunyar a gefe daga zakkar hatsi da sadakar masu hali. A nan ne nake sa ran ganin hannunka da na abokan kasuwancinka.

Saboda haka ina roƙonka ka kira taron ƙungiya kafin a fara girbin wake, ka gayyato masu unguwanni da matan da suka taɓa dafa wa makaranta, domin su ne suka san mudu nawa yake ciyar da aji guda. Ni kuma zan zo da tsofaffin littattafan rajistata na zangon farko, mu duba tare yadda layin masu fashi saboda rashin lafiya yake tsawo a Satumba. Idan muka amince a kan adadi, sai mu rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha takarda guda, da sa hannunka a sama, nawa a ƙasa.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam.
Naka,
Tsohon hedimasta, Gombe.