Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga David Coleman, Shugaban Hukumar College Board: Sau Nawa Yaron Ya Zauna?

Ranka ya daɗe, ina maka fatan alheri, kai da ma'aikatanka. Idan ana dara fidda uwa ake, don haka bari in tafi kai tsaye ga abin da ya kawo ni.

Ka tuna watan Maris na 2014, da ka tsaya a Austin ta jihar Texas ka sanar da sabuwar SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka da hukumarka ke shiryawa? Da bakinka ka ce jarrabawar ta yi nisa da abin da ake koyarwa a aji, kuma kasuwar lesin mai tsada da ta kewaye ta tana sa mutane ganin babu adalci a lamarin. Ka cire hukuncin rage maki a kan amsar da ba daidai ba. Ka kori kalmomin nan da ba mai amfani da su sai mai shirin jarrabawa. Ka haɗa hannu da Khan Academy, shafin koyarwa na intanet, a koyar da kowa kyauta. Mu malamai mun yi murna, har da masu tafi. Bayan shekara 9, sai ga binciken cibiyar Opportunity Insights ta jami'ar Harvard a 2023 yana cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 cikin 100 na mafi arziki a Amurka ya fi ɗan talaka damar samun maki 1300 ko sama da haka har ninki 13. Ninki 13, Malam Coleman.

Na san amsarka, don kun sha ba da ita: jarrabawa ba ta haifi giɓin ba, nuna shi kawai take yi, an tara shi ne tun daga firamare. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Ba kuma ina cikin masu cewa a soke jarrabawar ba. Da jami'ar Dartmouth ta dawo da ita cikin sharuɗɗan shiga a 2024, bayan ta daina tilasta ta, ta ce ta gano yaran talakawa suna ɓoye makin da da sun nuna shi da ya buɗe masu ƙofa. Jami'ar MIT ma ta dawo da ita tun 2022. Maki na iya ɗaga yaron da babu wanda zai rubuta masa wasiƙar yabo mai daɗi. Shi ya sa ma abin da zan faɗa yake ci mini tuwo a ƙwarya, don wani ɓangare na giɓin nan a ofishinka ake ƙera shi.

Maganar sake zama nake yi. Jarrabawar kashi biyu ce, karatu da rubutu a gefe guda, lissafi a gefe guda, kowanne daga maki 200 zuwa 800. A ce yara biyu sun zauna rana ɗaya, kowannensu ya ci 620 a karatu, 580 a lissafi, jimla 1200. Ɗaya yana aiki ranar Asabar, cibiyar jarrabawar tana da nisa, babu mai kai shi, babu kuma wanda ya taɓa gaya masa ana komawa. Shi ke nan, 1200 ya zama sunansa. Ɗayan ya koma bayan wata biyu. Karatu ya sauka zuwa 590, lissafi ya hau 660. Jami'o'i da yawa za su ɗauki 620 na zaman farko su haɗa da 660 na zama na biyu, su rubuta masa 1280, makin da bai taɓa ci a zama ɗaya ba. Idan ya koma karo na uku da na huɗu, abin sai ƙaruwa, domin a wannan lissafin faɗuwa ba ta rage komai. Ku da kanku kuna rubutawa a takardar sakamako cewa makin yaro na iya hawa ko sauka kaɗan daga zama zuwa zama ko da iliminsa bai canza ba. To wanda ya zauna sau huɗu yana tsintar ranakun sa'arsa ne ya tara, wanda ya zauna sau ɗaya kuwa duk abin da ranar ta ba shi da shi zai tafi, ko da zazzaɓi ya kwana.

Za ka ce jami'o'i ne ke wannan haɗe-haɗe, ba kai ba. Haka ne. Amma wa ya ba ɗalibi damar zaɓen zaman da zai aika ya ɓoye sauran? Tsarinku ne na Score Choice, tun 2009. Mai duba takardu a jami'a zai ga lamba mai kyau, ba lallai ya san sau nawa aka yi kokawa kafin a same ta ba. Jami'ar Georgetown dai ta ce a kawo mata duka, amma irinta nawa ne? Sikeli ne aka kafa a tsakar kasuwa aka ce na kowa ne, sai dai wani yana hawa sau biyar a rubuta mafi nauyi, wani sau ɗaya a ce sauka.

Ba kuma za ka ce ba ka sani ba. Masana uku, Goodman da Gurantz da Smith, sun yi bincike da alƙaluman hukumarka, sun gano kusan rabin masu zana SAT ne kawai ke sake zama, kuma yaran talakawa sun fi kowa ƙarancin komawa, alhali su ne sake zaman ya fi amfana wajen samun gurbi a jami'a. An buga wannan tun 2020. Me aka yi da shi? An mayar da jarrabawar kan kwamfuta, an gajarta ta zuwa awa biyu da 'yan mintoci, an yi ta shela. Madalla. Yanzu sake zama ya fi sauƙi ga wanda dama yake iya sakewa. Kuma, Allah na tuba, kowane zama da kuɗin rajistarsa, a hukumar da ta ce ba don riba take ba amma take shigar da sama da dala biliyan 1 a shekara. Ban ce don haka kuka yi shiru ba. Na dai lura shirun bai jawo maku asara ba.

Na san da zama biyu na kyauta da kuke ba yaran da suka cancanta. Abu ne mai kyau, amma biyu ne, mai hali kuwa ba shi da iyaka. Kuma yafe kuɗin rajista ba ya biya wa yaro ranar aikin da ya rasa, ba ya kawo cibiya kusa da gidansu.

Don Allah, ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar kwamiti. A rubuta adadin zaman da ɗalibi ya yi a jikin duk sakamakon da za a aika wa jami'a. Layi ɗaya ne. Idan hakan ya yi maku nauyi, a sa iyaka ɗaya ga kowa, biyu ko uku, ɗan attajiri da ɗan mai shara. Sannan wannan jarrabawa da ake yi a cikin makaranta ranar karatu, wadda jihohi da dama ke biya, a yi ta sau biyu, don zama na biyu ya daina zama sirrin da 'yan gata kaɗai suka sani.

Akwai sauran magana. Akwai badaƙalar 2019 da aka sayi masu sa ido a ɗakin jarrabawa suna gyara wa 'ya'yan manya amsa. Akwai makin nan na halin ƙuncin da yaro ya taso a ciki, wanda kuka fito da shi a shekarar, aka yi maku ca, kuka janye cikin 'yan watanni. Akwai dala 750,000 da kuka amince ku biya jihar New York a 2024 kan bayanan ɗalibai. Waɗannan sai wani jiƙon.

Yau dai tambaya ɗaya nake son ka amsa a fili: me zai hana a rubuta adadin zama a takardar sakamako kafin zangon neman gurbi mai zuwa?

Naka,
Wani malamin lissafi na sakandare