Ɗana Yana Kan Gadon Asibiti, Ni Ina Bakin Ƙofa: In Kai Ƙorafi Ko In Yi Shiru?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malama.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki, ina roƙon ki ba wannan wasiƙa tawa wuri a filinki na shawarwari. Ban ambaci sunan asibitin da zan yi magana a kansa ba, kuma da gangan na yi haka, domin ban zo tozarta kowa ba, sannan har gobe can ne nake kai ɗana.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Na ukunsu, wanda yanzu yake da shekara 7, yana fama da amosanin jini, wato sikila. An gano ciwon tun yana ɗan wata 9, lokacin da hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura ya yi ta kuka dare da rana. Mun yi aure a 2013, zamanin da a unguwarmu ba wanda yake maganar gwajin jini kafin aure. Dokar da ta wajabta shi a Jihar Kano sai a 2024 aka sa mata hannu. Ban faɗi wannan don nadamar samun yaron ba. Mun karɓi ƙaddararmu hannu biyu, muna ba shi folik asid (maganin da yake taimaka wa jiki yin jini) da Paludrine (maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro) kullum, yana kwana a gidan sauro, muna matsa masa ya sha ruwa, kuma tun da aka buɗe masa kati a asibitin yara ba mu taɓa ƙetare ranar ganin likita ba.

A hunturun da ya wuce ciwon ya tashi kamar yadda bai taɓa tashi ba. Ya fara da ƙafafu da baya, sai zazzaɓi, zuwa dare kuma ya ce ƙirjinsa yana ciwo, numfashinsa ya koma sama-sama. Muka garzaya da shi ɗakin gaggawa na yara, aka sa masa ruwa da robar oksijin a hanci, washegari aka mayar da shi ɗakin kwanciya, inda ya yi kwana 11. Alhamdu lillahi ya fito da ƙafarsa, kuma ina gode wa duk wanda ya sa hannu a jinyarsa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a kwana 7 na farko, ni da mahaifiyarsa ba mu san abin da ake yi wa ɗanmu magani a kai ba.

Tsarin wurin shi ne uwa ce take kwana da yaro, uba kuwa sai lokacin ziyara da yamma. Da safe, kafin likitoci su fara zagaye, mai gadi yakan fitar da duk wani namiji waje. Maiɗakina ta yi karatun Islamiyya mai zurfi, amma bokonta bai wuce firamare ba, ba ta jin Turanci. Ta ce min sukan zo su takwas ko goma, babban likita a gaba, ɗalibai a baya, su kewaye gadon, su danna cikin yaron, su ɗaga fatar idonsa, su yi ta magana da Turanci a kanta kamar babu ita a wurin, su yi rubutu a fayil su wuce gado na gaba. Idan ta yi ƙarfin hali ta ce, "Likita, yaya jikin nasa?" amsar ba ta wuce, "Da sauƙi, Mama, a ci gaba da magani." Ni da nake jin Turancin ina tsaye a baranda ina leƙe ta taga. Da yamma idan an bar ni na shiga, manyan likitoci sun tafi, ma'aikaciyar jinya ta ce in tambayi likita, likitan da ke bakin aiki ya ce ba shi ne yake duba yaron ba, in dawo da safe, da safen kuma ba a barin maza su shiga. Rannan na miƙa hannu zan buɗe fayil ɗin da ke ajiye a ƙarshen gado, aka daka min tsawa a gaban ɗana cewa ba a taɓawa.

A dare na uku, wajen ƙarfe 9, maiɗakina ta kira ni tana kuka, ta ce an ba ta wata takarda an ce a nemo jini yanzu-yanzu. Ba a gaya mata dalili ba, ba a ce jininsa ya sauka zuwa kaza ba, ba a faɗa mata ko akwai haɗari ba. Na hau babur na zo, na bi layi a ɗakin gwaji don in ba da nawa, sai bayan kusan awa ɗaya da aka zo kaina ma'aikacin ya tambaye ni nau'in ƙwayar halittar jinina, na ce AS ne, wato ina ɗauke da ƙwayar sikila ko da yake ba na ciwon, ya ce ba a so a ƙara wa mai sikila jinin AS, in nemo mai AA, wanda ba ya ɗauke da ita. Da an faɗi wannan kalma ɗaya tun a kan gadon yaron, da tun daga gida na taho da maƙwabcina wanda a ƙarshe shi ya bayar, bayan na tashe shi daga barci ƙarfe 11 saura. Ba a ɗaura ledar jinin ba sai gab da asuba. A tsakanin nan na zauna a kan benci ina tunanin ko ɗana yana hanyar mutuwa ne ana ɓoye min, kuma ban sami mutum ɗaya da zai ce min e ko a'a ba.

Haka aka yi da magani. Wani likita ya rubuta allurai na kwana 5, na sayo su a kantin magani na waje saboda an ce babu a ciki, bayan kwana 2 wani ya zo ya soke ya rubuta wasu. Wataƙila yana da hujja mai ƙarfi, ni ba likita ba ne, amma ba wanda ya ce mana ga dalili, kuma mai kanti ba ya karɓar abin da ya riga ya sayar. Sau biyu ana sake ɗibar jininsa saboda an ce ba a ga sakamakon na farko ba, yaron da jijiyoyin hannunsa duk sun yi tabo, har ya kai da ya hango farar riga sai ya ƙanƙame uwarsa.

Abin da ya fi yi wa maiɗakina ciwo ya faru ne a dare na biyar. Ruwan da aka sa masa ya ƙare, jini ya fara komowa cikin robar, yaron kuma yana murƙususu saboda ciwon ƙashi, lokacin maganin rage raɗaɗinsa ya wuce. Ta je wurin ma'aikaciyar jinya sau biyu ana ce mata ana zuwa, a na uku aka ce mata, "Ke kaɗai ce mai ɗa a ɗakin nan?" Ta dawo ta zauna a tabarmarta, ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta tana matsa masa har aka zo. Ba ta gaya min wannan ba sai bayan an sallame mu, domin ta san da na ji a lokacin da ban iya haɗiyewa ba.

A rana ta takwas Allah ya haɗa mu da wata matashiyar likita da ta zo aikin yamma. Ta ja kujera ta zauna, ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce ciwon ya taɓa huhunsa ne, irin wanda yake samun masu sikila idan ƙwayoyin jini suka toshe ƙananan jijiyoyin huhu, sau da yawa tare da kamuwa da ƙwayar cuta, shi ya sa aka sa oksijin, aka ƙara jini, aka canza allurar zuwa mai ƙarfi. Ta nuna mana hoton ƙirjin, ta ɗora yatsa a kan wurin da ya yi fari. Ta tambaye mu ko yana shan haidiroksiyuriya, maganin da yake rage yawan tashin ciwon, muka ce ba mu taɓa jin sunansa ba. Ta tambaya ko an taɓa yi masa hoton jijiyoyin jinin kai, wanda ake so a riƙa yi wa yara masu sikila duk shekara daga shekara 2 zuwa 16 don a gano masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, muka ce a'a. Zaman nan bai kai minti 10 ba, amma ranar ce maiɗakina ta fara cin abinci da kyau. Ni kuwa na koma gida da wani sabon baƙin ciki, domin shekara 6 muna zuwa ana sabunta mana takardar magani, babu wanda ya taɓa ambata mana waɗannan abubuwa biyu.

Malama, ina so in yi adalci, domin na ga abin da ma'aikatan suke ciki da idona. A wasu dararen mace ɗaya ce take riƙe da ɗakin gaba ɗaya, wasu gadajen yara biyu-biyu, ga wanda yake jijjiga, ga wanda robar hancinsa ta fita. Kowa ya san yadda likitoci da ma'aikatan jinya suke barin ƙasar nan zuwa Saudiyya da Ingila, aikin mutum biyar ya koma kan mutum ɗaya. Matar da ta gaya wa maiɗakina waccan magana wataƙila tun magariba ba ta zauna ba. Amma a ganina gajiya ba ta halatta wulaƙanta uwar da ɗanta yake kuka a hannunta ba, kuma matashiyar likitar nan ita ma a gajiye take, ta yi bayanin. Ƙarancin gado da na magani sai gwamnati, amma barin uba ya tsaya minti 5 lokacin zagaye, ko a sa ɗaya daga cikin ɗaliban nan masu jin Hausa ya fassara wa uwa abin da aka yanke, ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Bayan mun dawo gida na bincika, na ga abin da nake nema haƙƙi ne da doka ta san da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, cikin harshen da yake fahimta. Kundin haƙƙoƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya maimaita haka, ya ƙara da damar ganin bayanan jinya da damar kai ƙorafi. Akwai kuma ofishin SERVICOM da aka kafa tun 2004 don karɓar koken jama'a kan ma'aikatun gwamnati. Har na rubuta takardar ƙorafi mai shafi biyu, tana nan cikin jakata mako uku ke nan ban miƙa ba.

Abin da ya hana ni shi ne gidana ya rabu biyu a kanta. Maiɗakina ta ce in rufa mata asiri in yaga takardar. Hujjarta ita ce ciwon ɗanmu ba mai ƙarewa ba ne, za mu sake komawa ɗakin nan, kuma ita ce za ta kwana a hannun mutanen da na kai ƙara, ni ina gida; ta ce tana tsoron a yi wa katinsa alama a zuci, a riƙa cewa ga ɗan mai kai ƙara nan. Mahaifiyata tana bayanta, ta ce ba a faɗa da mai riƙe da allura, wanda ya fito da ɗansa da rai godiya ce ta kamace shi. Asibitin kuɗi kuwa albashina ba zai ɗauki kwana 11 a can ba, kuma ko a can idan abu ya yi tsanani nan ɗin ake turo mutum. Ni kuma idan na tuna matan da na gani a ɗakin nan, waɗanda suka zo daga ƙauyuka, ba su da mai karanta musu ko takardar magani, sai in ji shirun nawa ya zama cin amana. Maganar ta fara shiga tsakanina da matata, har ta ce min ni zuciyata nake so in huce, ita kuwa ɗanta take tunani, kuma na kasa ce mata ba ta da gaskiya.

Don haka nake neman shawararki. Shin in miƙa takardar, ko in bi ra'ayin wadda ita ce take kwana a wurin? Idan miƙawar ce ta fi, akwai yadda zan tsara ta a kan tsarin aikin ɗakin ba tare da na nuna wani ma'aikaci da yatsa ba, kuma wa ya fi dacewa in fara gani, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, ko babban likitan sashen, ko ofishin karɓar koke? Ina kuma so ki taimaka min da lafazin da uba zai yi amfani da shi ya nemi bayani ko ya nemi a ba shi taƙaitaccen rahoton jinya a rubuce, ba tare da an ɗauka yana koya wa likita aikinsa ba, domin an sallame mu ba mu riƙe komai ba sai takardar magani da ranar dawowa. Idan kuma a cikin masu bibiyar filin nan akwai likitan yara ko ma'aikaciyar jinya, ina roƙon su gaya min tsakaninsu da Allah ko tsoron da matata take ji yana da tushe.

Ranar komawarmu saura kwana 12, kuma ina da niyyar in tambayi maganar haidiroksiyuriya da hoton kan nan ko da wane likita muka tarar. Zan ji daɗi idan amsarki ta iso kafin ranar, don mu zauna ni da mahaifiyarsa mu karanta tare. Allah ya saka miki da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Naki,
Mahaifin wani yaro mai sikila, daga Kano.