Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyar Masu Kula da Tankunan Ajiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana kamar yadda aka saba, da fuskokin da aka saba gani.

Babban abin farin ciki a bana shi ne horon shiga tanki, wanda aka yi shi a aikace a kan tankin dizal da aka dakatar don wanki. An fara da kwashe man, aka toshe kowane bututu da farantin ƙarfe, aka kulle wutar famfo da kwado, domin rufe bawul kaɗai ba abin dogaro ba ne, yana iya yoyo. Sannan aka buɗe ƙofar shiga, aka kunna fankar zuƙe iska. Awon iska yana da tsari: oksijin tukuna, daga kashi 19.5 zuwa 23.5 cikin ɗari, sai tururin mai, wanda dole ya gaza kashi 10 cikin ɗari na matakin kama wuta, sai iskar H2S, mai guba da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita wannan idan ta yi yawa tana kashe jin wari, don haka hanci ba ma'auni ba ne. Mai gadin ƙofa bai gusa ba har aka fito.

Da aka kwashe laka aka haska fitila, matasanmu sun ga ƙananan ramukan tsatsa a farantin ƙasa, daidai inda ruwa ke kwanciya. Ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya sauka ƙasa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a tsakaninsa da man, su riƙa cin ƙarfe. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an roƙe shi ya riƙa tsiyaye ruwan gindin tanki ba. Muna godiya ga manyanmu da suka koyar kyauta.

Na'urar auna kaurin ƙarfe da muka yi alkawari ba mu saya ba, kuma kafin a fara ƙorafi a duba littafin biyan kuɗin ƙungiya. Ƙa'idar API 653, wadda ta shafi duba tankunan mai da gyaransu, ta ce a zagaya tanki da ido aƙalla sau ɗaya a wata, a yi cikakken binciken waje kada ya wuce shekara 5, kuma kaurin farantin ƙasan tanki kada ya gaza milimita 2.5 a tankin da ba shi da tsarin gano yoyo. Ido ba ya auna milimita. Hayar na'urar muke yi, hayar kuwa ita ta cinye ɗan abin da ya shigo. Kwalbar gas ɗin daidaita na'urar awon iska ma wa'adinta ya kusa ƙarewa, kuma na'urar da ba a daidaita ba ƙarya take faɗa.

Takardar da muke tsarawa ta abubuwan da za a riƙa dubawa a tanki duk wata ta tsaya a rabi, domin waɗanda suka karɓi aikin sun daina ɗaga waya. Abin da aka kammala ya ƙunshi duba mashaƙar saman tanki, wadda idan ta toshe ana cikin jan mai tankin zai lotse ciki, da ɓawon fenti, da tsagewar katangar tare malala, da zaizayar gindi. Saura sashen ma'aunin cika da ƙararrawarsa. Ba ƙaramin sashe ba ne: a ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila a 2005, ma'aunin ya maƙale, makunnin kariya bai yi aiki ba, fetur ya malalo, wurin ya fashe.

Akwai mambobin da ba a ganinsu sai ranar rabon takardar shaida. Su ne kuma kan gaba wajen tambayar ina na'ura. Littafi yana hannun ma'aji. Duk mai bashi ya biya kafin taro na gaba, domin kwalbar gas za mu fara saya, sannan na'urar kauri.

Sakataren Ƙungiya