Zuwa ga 'yata, sabuwar malamar jami'a a Chicago

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya sanyi, ya ɗalibai? Mun yi hamdala da jin an ba ki kujerar koyarwa a sashen lafiyar al'umma. Allah ya sa albarka.

Kawunki ya tambaye ni, wai me ya haɗa 'yar Kano da binciken yaran Latino, wato mazauna Amurka 'yan asalin Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, ba ki jin yarensu, ba ki cin tuwonsu. Na ce masa ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kuma kusan a kowane yara huɗu na ƙasar ɗaya nasu ne. Ya yi shiru. Sai dai tambayarsa tana da gaskiya a ciki, domin baƙo ko da idanu makaho ne.

Kin san ina cikin masu bin gida-gida da ɗigon shan inna lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003. Ko bayan an dawo da shi, mace za ta amsa sallama, ta hango akwatin sanyi a kafaɗata, ta tura yaranta ɗaki. Mutanen ofis suka ce jahilci ne. Ni da na zauna a tabarmarsu na san suna tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a annobar sanƙarau ta 1996. Mutanen da za ki yi aiki da su suna da irin wannan tabon. Daga 1946 zuwa 1948 likitocin gwamnatin Amurka sun sa wa fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali tunjere da ciwon sanyi da gangan a Guwatemala, ba a ba da haƙuri ba sai 2010. A Los Angeles kuwa an juya wa mata 'yan asalin Meziko mahaifa bayan sun sa hannu a takardar Turanci suna tsakiyar naƙuda. Don haka idan uwa ta riƙe takardar neman izininki tana jujjuya ta, kada ki gaggauta ta. Kuma kada ki tambayi kowa takardun zama a ƙasa idan bincikenki bai dogara da hakan ba, don a gida ɗaya za ki tarar da yaro ɗan ƙasa da uba mai tsoron a kore shi.

Ki koyi Sifaniyanci da gaske, ba na gaisuwa kaɗai ba. Yaran nan da yawa sun saba zama tafinta tsakanin iyayensu da likita, amma ɗan shekara 12 ba zai gaya miki damuwar ransa ba alhali shi ne ke fassara wa mahaifiyarsa. Ki nemi matan da suke kira promotoras, su ne ke shiga gidaje kamar yadda muka yi. Ki biya su yadda ya kamata, sunansu ya fito a rubutunki.

Kada ki zuba 'yan Latino duka a tukunya ɗaya. Babban binciken nan da kika ba ni labari, na mutum sama da 16,000 a Bronx da Chicago da Miami da San Diego, ai ya nuna ciwon suga ya kama kusan 18 cikin 100 na 'yan asalin Meziko, 'yan asalin nahiyar Amurka ta Kudu kuwa kusan 10.

Abin da ke hana ni barci shi ne agogon jami'a. Kin ce shekara 6 za a ba ki kafin a duba ko za a tabbatar da ke, ana ƙirga maƙaloli da kuɗin binciken da kika samo. Yarda ba ta bin wannan agogon. Tun yanzu ki gaya wa shugaban sashenku cewa aikinki mai tafiyar hawainiya ne, ki kuma samu wata babbar farfesa da za ta tsaya miki ranar hukunci. In kin gama bincike, ki koma coci ko makarantar da kika tara bayanan ki faɗa musu abin da kika gano, da yarensu, tun kafin ki kai shi taron masana.

Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki kira ranar Lahadi da hantsinku, lokacin mu mun idar da La'asar.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki